Yadda Ake Auna Zaɓen 'Yan Wasa Idan Aka Farfaɗo da Tsohon Wasan Waƙa na Dandamali

A ranar 24 ga Afrilu, 2022, aka buɗe wasan Funny Girl a gidan wasa na August Wilson da ke unguwar Broadway a birnin Niyok, shekara 58 bayan an fara nuna shi. Ranar ta dace da cikar Barbra Streisand shekara 80 da haihuwa, wato matar da ta fara fitowa a matsayin jarumar wasan a 1964 tana 'yar shekara 21, wadda har yau muryarta ce ke faɗo wa mutane a kunne da zarar an ambaci sunan wasan. Wadda aka ɗora wa wannan kaya a karo na biyu ita ce Beanie Feldstein, kuma tun ranar da aka sanar da sunanta a 2021 masoya wasan suka rabu gida biyu, ana ta ja-in-ja wata da watanni kafin kowa ya ji ta rera baiti ɗaya a kan dandamali. A ƙarshen Yuli, wata uku da 'yan kwanaki bayan buɗewa, ta sauka daga matsayin. A ranar 6 ga Satumba Lea Michele ta karɓa, gardama ta sake komawa sabuwa.

Na bi wannan muhawara tun daga farkonta, kuma abin da ya fi damuna shi ne yawancin masu jayayyar ba a kan abu ɗaya suke magana ba. Wannan yana maganar murya, wancan yana maganar asali, na uku kuma kuɗin tikiti ne a ransa, amma duk su ukun suna ɗaukar cewa amsa suke ba juna. Abin da ke biye hanya ce da mai sha'awar irin wannan wasa zai bi ya auna zaɓen da aka yi da hujja, ya kuma faɗi ra'ayinsa ba tare da ya zalunci kowa ba.

Ka fara sanin aikin da matsayin yake nema

Wanda ya saba da finafinan Hausa ko na Indiya yana buƙatar ya gyara tunaninsa a nan kafin komai. A fim, mawaƙi ne ke shiga situdiyo ya rera waƙa, jarumi kuma ya motsa baki ya taka rawa, saboda haka ana iya zaɓen jarumi don fuskarsa da iya wasansa kawai. A wasan waƙa na dandamali babu wannan rufin asiri. Ɗan wasan shi ne zai yi magana, shi zai rera waƙa da muryarsa a gaban makaɗa, shi zai yi rawa, duk a gaban jama'a, kuma idan murya ta shaƙe babu daraktan da zai ce a tsaya a sake ɗauka. A Broadway da kuma manyan gidajen wasa na Landan, al'ada ita ce a yi wasa sau takwas a mako, har akwai ranakun da ake yi sau biyu, da rana da kuma da dare. Don haka iya rera waƙar sau ɗaya bai wadatar ba. Abin tambaya shi ne ko mutum zai iya rera ta ranar Talata, ya rera ta sau biyu ranar Laraba, ya kai Lahadi muryarsa tana nan, sa'an nan ya maimaita haka har wata shida ko shekara.

Saboda haka mataki na farko shi ne ka ɗauki takarda ka rubuta abin da matsayin ke buƙata, tun kafin ka kalli sunan wanda aka zaɓa. Ka saurari waƙoƙin wasan daga farko zuwa ƙarshe, ka ƙirga nawa ne a bakin wannan matsayi, ka lura da inda murya ke hawa da inda take sauka, da kuma ko waƙa mafi nauyi tana zuwa ne da wuri ko sai bayan ɗan wasan ya shafe awa biyu a tsaye. Sa'an nan ka duba labarin, ka ga ko matsayin na mai ban dariya ne, ko na mai sa kuka, ko duka biyun. Matsayin Fanny Brice, jarumar Funny Girl, yana da wuyar cikawa ne domin yana neman abubuwa biyu da ba kasafai suke haɗuwa a mutum ɗaya ba. Ita Fanny Brice mace ce da ta rayu da gaske, 'yar Yahudawan Niyok, an haife ta a 1891 ta rasu a 1951, kuma da barkwanci ta yi suna a wasannin Ziegfeld Follies. Amma Jule Styne, wanda ya tsara kiɗan wasan, ya rubuta waƙoƙi ne masu neman murya mai faɗi da dogon numfashi, musamman wadda ke rufe kashi na farko. Masu shirya wasan na 2022 sun karkata ga ban dariya, yawancin masu sharhi kuma da suka zo kallo sun ce muryar ba ta ɗauki nauyin waƙoƙin ba. Wanda ya rubuta jerinsa tun farko zai gane cewa kowane ɓangare ya riƙe rabin gaskiya ne.

Idan kana son ganin yadda nauyin matsayi ke tilasta wa masu shiri su canza tsari, ka tuna wasan Fela! da aka buɗe a Broadway a 2009 kan rayuwar Fela Anikulapo Kuti, wanda daga baya aka kawo Legas a 2011. Jarumin wasan kusan ba ya barin dandamali, yana waƙa yana rawa yana magana da 'yan kallo, shi ya sa aka raba mako tsakanin mutum biyu, Sahr Ngaujah da Kevin Mambo, suna karɓa-karɓa.

Ka raba matsayin da wanda ya fara yinsa

A nan ne masoya tsofaffin wasanni suka fi tuntuɓe, kuma ban cire kaina ba. Mutum ya girma yana jin faifan 1964 ko yana kallon fim ɗin 1968 wanda Streisand ta ci kyautar Oscar da shi, har ya kai ba ya iya bambance abin da marubuta suka rubuta da abin da ita ta ƙara da kanta: inda take jan numfashi, inda take jinkirta kalma, inda take ɗaga murya fiye da yadda aka tsara. Idan sabuwar 'yar wasa ta bi wata hanya dabam sai ya ji kamar ta yi kuskure, alhali ba ta saɓa wa rubutun ba, ta saɓa wa abin da ya haddace ne kawai. Wannan inuwa ce ta sa aka shekara 58 ba a maido da wasan Broadway ba. An yi yunƙuri a 2011 da Lauren Ambrose, amma aka soke shirin kafin a kai ga dandamali.

Maganin wannan shi ne ka saurari aƙalla mutum uku da suka yi matsayin kafin ka ce uffan. Wasan Gypsy ya fi kowane dacewa da wannan atisaye, domin matsayin uwar, Rose, ya ratsa hannun mata da yawa a Broadway: Ethel Merman a 1959, Angela Lansbury a 1974, Tyne Daly a 1989, Bernadette Peters a 2003, Patti LuPone a 2008, sai Audra McDonald a Disamba 2024. Idan ka ji su a jere za ka tarar muryoyinsu ba su yi kama ba ko kaɗan. Merman tana da murya mai amo kamar kakaki, McDonald kuwa ta yi karatun waƙar gargajiyar Turai a makarantar Juilliard, muryarta tana hawa sama da laushi, kuma wannan ne ya jawo gardama lokacin da aka sanar da ita. Abin da ya rage daram a bakin su shidan, shi ne ainihin matsayin. Abin da ya canza daga wannan zuwa waccan, wannan na 'yar wasa ne, kuma ba hujja ba ce a kan wadda ta zo daga baya.

Ka kuma tuna cewa farfaɗo da wasa ba ya nufin kwafe shi. Sau da yawa darakta yana da wata sabuwar fahimta, kuma zaɓen 'yan wasa yana bin wannan fahimta ne. A wasan Company na 1970 jarumin namiji ne mai shekara 35 da ya ƙi aure. A 2018 darakta Marianne Elliott ta mayar da matsayin na mace a Landan, Rosalie Craig ta fito a ciki, kuma Stephen Sondheim, wanda ya rubuta waƙoƙin, ya amince har ya taimaka wajen gyara kalmomin. Wanda zai soki wannan zaɓe, darakta ya kamata ya tuhuma a kan fahimtarta, domin 'yar wasan an kira ta ne ta yi abin da aka tsara. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza.

Ka san ƙarfin shaidar da ke hannunka

Gani ya kori ji, amma mafi yawanmu ba za mu sami zuwa Niyok ko Landan mu zauna a kujera ba, saboda haka dole mu san darajar abin da muke dogaro da shi. Mafi rauni shi ne gajeren bidiyon da wani ɗan kallo ya ɗauka a ɓoye da waya. Gidajen wasa sun hana yin haka, kuma ko an bar maganar hani, wayar da ke cikin aljihu ko a kan cinya a bene na sama ba ta kama sauti yadda kunne ke jinsa a ɗakin. Na taɓa yanke wa wata 'yar wasa hukunci da irin wannan bidiyo na daƙiƙa arba'in, na ce muryarta ba ta kai ba, har na yi ta faɗa wa abokai. Daga baya na ji cikakken faifan da aka naɗa a situdiyo, na kuma gane cewa a daidai wurin da na ɗauka ta gaza, da gangan ta sassauta murya domin a labarin tana gab da fashewa da kuka. Na ji nauyin abin da na yaɗa, domin ba ni da hanyar janye shi daga kunnen duk wanda na faɗa wa.

Faifan situdiyo ya fi wannan, amma shi ma yana da nasa aibu, tunda ana iya maimaita waƙa sau goma a zaɓi mafi kyau. Sama da shi akwai wasan da aka yi kai tsaye a talabijin, kamar a bikin ba da lambar yabo ta Tony, wadda ake ba wasannin Broadway. Sai kuma sharhin waɗanda suka kalla da idonsu, kuma a nan ka duba abu biyu. Na farko, yaushe suka kalla? Kafin ranar buɗewa akan yi makonni ana wasannin share fage, ana sayar da tikiti amma ana ci gaba da gyara. Funny Girl ya fara nasa ranar 26 ga Maris, kusan wata guda kafin buɗewa, kuma wanda ya gani a daren farko bai ga abin da aka buɗe da shi ba. Na biyu, ka karanta masu sharhi da yawa, ka nemi abin da suka haɗu a kai. Idan biyar da ba su san ra'ayin juna ba suka nuna wuri ɗaya, to ruwa ba ya tsami banza. Idan kuwa mutum ɗaya ne ya faɗa sauran suka yi ta maimaitawa, shaida ɗaya ce komai yawan bakunan da suka ɗauke ta.

Girman ɗakin ma shaida ne da ake yawan mantawa. Wannan tsari na Funny Girl, na darakta Michael Mayer tare da gyaran rubutu daga Harvey Fierstein, a Landan aka fara shi a 2015, a ƙaramin gidan wasa na Menier Chocolate Factory mai kujeru ƙasa da 200, kuma Sheridan Smith da ta ja wasan a can an fi saninta da iya wasa da ban dariya. An yaba mata sosai. A ɗaki irin wannan ɗan kallo yana ganin motsin gira da rawar leɓe. Gidan August Wilson kuwa a lokacin yana ɗaukar mutum sama da 1,200, kuma wanda ke can baya murya ce kawai ke isa gare shi da ƙarfinta. Zaɓen da ya yi daidai a wani ɗaki yana iya kasa cika wani.

Ka gano tambayar da ake jayayya a kanta

Wannan ne mataki mafi muhimmanci a ganina. Kafin ka amsa wa abokin gardama, ka tambaye shi a fili: maganar iyawa kake yi, ko ta asali, ko ta kuɗi, ko ta hali? Kowace tana da irin hujjar da ke warware ta, kuma hujjar wannan ba ta amsa waccan.

Maganar asali ita ce mafi zafi, kuma tana da tarihi da ya kamata mai muhawara ya sani. A 1989 aka buɗe Miss Saigon a Landan, inda Jonathan Pryce, Bature ɗan yankin Wales, ya fito a matsayin mutumin da rabin jininsa na Biyetnam ne, har aka yi masa kwalliyar da ta canza siffar idonsa da launin fatarsa. Da aka tashi kai wasan Amurka, marubuci David Henry Hwang da ɗan wasa BD Wong suka yi ƙorafi, ƙungiyar 'yan wasa ta Actors' Equity ta ƙi amincewa da Pryce a Agusta 1990. Mai shirya wasan, Cameron Mackintosh, ya ce to ya fasa kawo wasan gaba ɗaya, ƙungiyar ta janye matsayinta, Pryce ya yi wasan a 1991 har ya ci lambar Tony. A zahiri masu ƙorafin sun sha kaye, amma da aka farfaɗo da wasan a Landan a 2014, aka kuma kai shi Broadway a 2017, Jon Jon Briones ɗan ƙasar Filifin ne ya riƙe matsayin, mutumin da a 1989 yana cikin 'yan amshi na wannan wasa, yana tsaye a bayan Pryce. Babu wanda ya ce Pryce bai iya wasa ba. Ƙorafin shi ne manyan matsayi na mutanen Asiya ba su da yawa, kuma idan ɗaya ya samu aka ba wani, su kuma ba a ba su na Turawa, to ina za su? Wanda ya amsa wannan da cewa ai ya yi wasan da kyau, bai amsa komai ba.

Ga yadda nake auna irin wannan. Ina duba ko labarin kansa ya rataya a kan asalin mutumin. Fanny Brice Bayahudiya ce, kuma yadda ake kallon kamanninta da lafazinta a zamaninta yana cikin jigon wasan, shi ya sa masu kare Feldstein suka riƙa jaddada cewa ita ma Bayahudiya ce, shi ya sa kuma aka sake tayar da maganar a 2023 lokacin da aka zaɓi Katerina McCrimmon ta ja wasan a zagayen biranen Amurka. Inda kuwa labari bai dogara da asali ba, buɗe ƙofa kan ƙara masa armashi. Tun a 1967 aka ba Pearl Bailey da Cab Calloway jagorancin Hello, Dolly! tare da 'yan wasa baƙaƙen fata zalla, jama'a suka yi ta tururuwa. A 2019 Ali Stroker, wadda ke amfani da keken guragu, ta fito a farfaɗowar wasan Oklahoma! ta zama ta farko mai amfani da irin wannan keke da ta ci lambar Tony a fannin wasa. Ba dole ne ka yarda da ma'aunina ba, amma ka zo da naka, ka kuma yi aiki da shi ko da sakamakon bai yi maka daɗi ba.

Maganar hali kuwa a taƙaice take. Da aka sanar da Lea Michele, da yawa sun tuna cewa a 2020 wasu tsofaffin abokan aikinta a shirin talabijin na Glee sun koka da mu'amalarta, ita kuma ta fito ta ba da haƙuri. Mutum yana da 'yancin ƙin sayen tikiti saboda wannan. Sai dai ya faɗi dalilinsa yadda yake, kada ya lulluɓe shi da cewa ba ta iya waƙa ba, domin ta fara Broadway tun tana yarinya, ta kuma ja wasan Spring Awakening a 2006.

Kada ka raina maganar kuɗi

Masoya wasa sukan ji haushi idan aka ɗauko tauraron fim ko mawaƙin da ya yi suna aka ba shi matsayi, alhali ga ƙwararrun dandamali a zaune ba aiki. Haushin yana da tushe. Amma wasan Broadway kasuwanci ne mai cin kuɗi kowane mako: hayar gida, albashin 'yan wasa da makaɗa, masu fitilu, masu tufafi, masu sayar da tikiti. Idan abin da ke shiga ya gaza abin da ke fita na 'yan makonni, rufewa ake yi. Ƙungiyar Broadway League tana fitar da alƙaluman cinikin kowane wasa mako-mako, kuma duk mai son yin magana da hujja ya koyi duba su: nawa aka tara, kashi nawa na kujeru aka cika, nawa ne matsakaicin kuɗin tikiti. Idan kujeru sun cika amma matsakaicin kuɗin ya faɗi, to rangwame ake yi don a cika ɗaki.

A Funny Girl alƙaluman sun yi magana da kansu. Wasan ya sami gurbin takara ɗaya tak a lambobin Tony na 2022, na ɗan wasa Jared Grimes, ciniki kuma ya riƙa sauka a lokacin bazara. Bayan zuwan Michele ya tashi, har a Disamba 2022 ya haura dala miliyan 2 a mako guda, kuma kafin a rufe ranar 3 ga Satumba, 2023, an sanar cewa masu zuba jari sun mayar da kuɗinsu. Farfaɗowar wasan Chicago kuwa, da aka buɗe a Nuwamba 1996, ta daɗe fiye da kowace a tarihin Broadway, kuma ɗaya daga cikin dabarunta ita ce kawo sanannun mutane na 'yan makonni, irin su Melanie Griffith a 2003, Usher a 2006 da Pamela Anderson a 2022. Ciniki ba ya tabbatar da cewa an yi wasa mai kyau, kuma ba na so a fahimce ni haka. Yana bayyana dalilin zaɓen ne kawai. Haka nan shahara a wani fage ba ta nufin rashin iyawa a wannan: da yawa sun yi shakkar Nicole Scherzinger, mawaƙiyar da aka sani da ƙungiyar Pussycat Dolls, lokacin da darakta Jamie Lloyd ya ba ta jagorancin Sunset Boulevard a Landan a 2023, sai ga shi ta ci lambar Olivier ta wasannin Landan a 2024 da ta Tony a 2025. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Yadda za ka furta ra'ayinka

Ka dora suka a kan wanda ya yanke shawara. Ɗan wasa ba ya zaɓen kansa, darakta da masu shiri da jami'in tantancewa ne ke zaɓensa, kuma babu ɗan wasan da za a miƙa wa matsayin da ya yi mafarkinsa tun yana yaro ya ce a kai kasuwa. Ka ambaci wuri takamaimai: a waƙa kaza numfashi ya yanke kafin ƙarshen baiti, a fage kaza barkwancin ya zo da gaggawa har dariya ba ta samu wurin fita ba. Irin wannan magana abokin gardama zai iya komawa ya saurara, ya yarda ko ya ƙi da hujja. Maganar siffar jiki, ko ƙiba, ko fuska, ba ta cikin sharhi, kuma a lamarin Feldstein an yi ta da yawa, abin da ya fi zama abin takaici ganin cewa wasan kansa labarin mace ne da aka ce ba ta da kyawun da dandamali ke so. Kada ka aika wa ɗan wasa sukarka kai tsaye, domin da dare zai sake hawa dandamali da wannan magana a ransa.

Ka kuma auna abin da hayaniya ke iya jawowa. A Yuli 2017, a wani sabon wasa mai suna Natasha, Pierre & The Great Comet of 1812, ciniki ya ragu bayan tafiyar mawaƙi Josh Groban da ke jan wasan, sai masu shiri suka sanar cewa Mandy Patinkin zai karɓi matsayin daga Okieriete Onaodowan, baƙar fata, wanda ya gaji Groban, kafin wa'adinsa ya cika. Jama'a suka yi ca, Patinkin ya janye cikin kwana biyu, aka rasa sanannen suna da zai ja masu kallo, wasan ya rufe ranar 3 ga Satumba. Ƙorafin yana da dalili, kuma yadda masu shirin suka tafiyar da sanarwar ya cancanci suka, amma waɗanda suka rasa aiki a ƙarshe su ne dukan 'yan wasan da makaɗan da ma'aikatan bayan fage.

Abu na ƙarshe da zan ba ka shawara a kai shi ne ka riƙa sa 'yan ko-ta-kwana cikin lissafinka, wato waɗanda suka haddace matsayin suke jira a bayan fage ko da jarumi zai kamu da rashin lafiya. Idan ɗayansu zai fito, akan saƙa 'yar ƙaramar takarda a cikin littafin shirin da ake raba wa 'yan kallo, ko a rubuta a allon da ke bakin shiga, ko a sanar ta lasifika kafin a ɗaga labule, kuma sau da yawa za ka ji ɗakin ya yi gunaguni kafin wanda aka ambata ya fito. Idan har kana da damar sayen tikiti don ganin wani mutum na musamman, ka duba jadawalin ranakun da ba zai fito ba, ka kuma tambayi gidan wasan ƙa'idarsu ta musanya tikiti. Amma idan takardar ta faɗo daga littafinka, ka zauna ka kalla. A Landan a 2016, Natasha Barnes ce ta riƙe Funny Girl na makonni a gidan Savoy lokacin da Sheridan Smith ta tafi hutu. A Niyok kuma Julie Benko ce ta riƙa cike gurbin Feldstein, ta ja wasan a watan Agusta 2022, ta sake karɓa a Satumba lokacin da cutar korona ta kwantar da Michele 'yan kwanaki da farawarta, an kuma ware mata ranar Alhamis ta kowane mako, har akwai masu sayen tikiti da ke zaɓen Alhamis ɗin da gangan domin su gan ta.